Injin Wankin Yayana a Bakin Iyaka

A gidanmu na Fakku ba a faɗin yawan abu. Da haka na tashi. Shekarar da damina ta yi kyau, rumbu ya cika har ana neman inda za a jingine sauran dammunan gero, idan wani ya tambayi mahaifinmu yaya gona, amsarsa ɗaya ce: an samu na kunu. Mutum ya sayi sabon keke, kafin ya shigo da shi gari sai ya bi da shi ta cikin taɓo. Ba rowa ba ce, kuma ba ma ɗaukar ta a matsayin ƙarya. Akwai tsoron baki a ciki, akwai kunyar maƙwabcin da bai samu ba, sauran kuma gado ne tun zamanin da duk wanda ya zo ƙirga maka dukiya da niyyar ɗiba yake zuwa. Ni da na yi boko na zama malamin firamare a Tambuwal na sha yi wa wannan hali tsiya a gaban mutane, amma ko yau ka tambaye ni yaya aiki, abin da zan ce maka shi ne ana lallaɓawa.

Babban yayanmu shi ya fi kowa riƙo da halin. Tun yana saurayi ya bar gona ya zo Tambuwal ya koyi wanki da guga, ya kuma koyi bugu, wanda shi ne ya fito da sunansa. Wanda bai san bugu ba, ga yadda yake: bayan an wanke babbar riga an sa mata sitati ta sha iska, sai a ninke ta a kan wani gungumen itace mai santsi, a yayyafa mata ruwa, a ɗauki mabugi mai nauyi a yi ta dukanta, ana juyawa ana ninkewa, har shaddar ta kwanta ta ɗauki sheƙi. Riga ɗaya tana iya cin ƙarfin ƙato. Shagonsa yana bayan kasuwa, ɗaki ɗaya da rumfa, kuma daga nesa kana jin ƙarar bugunsa ka san ya buɗe. Malaman zaure, ma'aikatan sakatariya, dillalan hatsi, har mutanen Jabo da ke aiko da rigunansu a bayan babur, duk wajensa suke kawowa. Da rigunan nan ya yi aure, da su ya gina gida, da su ya riƙe ni lokacin da nake sakandare. Ina zuwa makaranta da wando mai kari kamar wuƙa, har malamai suna tambayata ko ɗan wani babba ne ni.

Kafaɗarsa ta dama ce ta fara gajiya. Ni ban sani ba sai da matarsa ta tare ni a zaure wata rana ta ce in yi wa yayana magana, don idan ya dawo daga shago ba ya iya ɗaga buta. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ɗan sanyi na yak kama ni, shina wucewa." Bai wuce ba. Na ja shi asibiti da ƙyar, likita ya dudduba ya ce jijiyar kafaɗar ta ci aiki ta kusa tsinkewa, idan ya bar bugu yanzu hannun zai yi masa sauran rayuwa, idan bai bari ba wata rana hannun ne zai bar shi. Yayana ya yi godiya, muka fito, washegari na ji ƙarar bugu daga bayan kasuwa. Ban ga laifinsa ba sosai. Mutumin da bai san wata sana'a ba, ka ce ya ajiye wadda ke ciyar da shi, ai sai ka faɗa masa abin da zai ɗauka.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano, cikin masu kawo masa wanki, shi ya nuna masa mafita a wayarsa. Injin guga ne mai tururi: ka shimfiɗa riga a kan faffaɗan teburinsa, ka kama hannun da ke sama ka jawo murfin ƙasa, ka taka wani ƙarfe, tururi ya fita, riga ta kwanta sumul. Babu duka, babu gawayi. Ya kuma nuna masa babban injin wanki irin na otal, mai wankewa ya matse da kansa. Ya ce ana samun na hannu da sauƙi idan manyan otal sun canja nasu. Yayana ya yi ta kallon hoton nan yana maimaitawa. A lokacin hannunsa yana ɗaguwa har sama da kai, da ciwo dai, amma yana ɗaguwa. Jawo murfi ba zai gagare shi ba.

Bai yi shawara da kowa ba, don shawara ma faɗin abu ce. Ya sayar da bijimansa da ke wajen ƙanenmu a Fakku, ya sayar da rabonsa na fadama, ya ce wa matarsa zai je gaisuwa Jega ya ɗan kwana biyu, ya bi ɗan kasuwar nan suka wuce Kwatano. Sauran labarin daga baya na tattara shi, guntu daga bakinsa, guntu daga bakin ɗan kasuwar.

Ya samu injinan biyu, ya biya. To amma injin wankin farin ƙarfe ne mai walƙiya, ya kusa kai ƙirjin mutum, kuma da yayana ya tsaya ya dube shi sai gabansa ya faɗi. Tunaninsa bai wuce ranar da za a sauke wannan abu a bayan kasuwar Tambuwal ba, kowa ya fito ya zuba ido, kowa ya tofa. Sai ya nemo mai fenti aka shafe shi da wani fenti mai ruwan toka, mummuna, ya koma kamar tsohon tankin ruwa. A bayansa akwai ɗan allon ƙarfe da masu ƙera shi suka manna, mai ɗauke da sunansu da lambar injin da nauyin kayan da yake ɗauka. Shi ma yana ƙyalli. Yayana ya sa aka ɓamɓare shi aka yar, ya ce abin yana tallar kansa da yawa. Aka naɗe injinan da tsofaffin tabarmi da buhuna, aka ɗaure da igiya, aka ɗora a mota.

Ina cikin aji wayarsa ta shigo.

"Malam," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana, "kana iya zowa iyaka? Wata 'yar magana ta tat taso."

Da na ji ya ce 'yar magana na san abin ya kai inda ya kai. Na nemi izini, na hau bas zuwa Jega, daga can na canja mota.

Na same shi zaune a kan benci a inuwar wani shago, kusa da harabar kwastan, tare da ejan da ya ɗauka, wato mai cike takardun fito da biyan kuɗin fito a madadin masu kaya. Ejan ɗin wani siriri ne mai yawan goge gumi. Bai bari na zauna ba ya fara wanke kansa.

"Malam, ni abin da anka gaya man shi nir rubuta. Kaya na ɗaure cikin tabarma, ban gani ba. Nic ce mai, Baba, injin ga na mi na? Yac ce ɗan abin wankin gida na, iyali ka wanke 'yan tsummansu. Nic ce kilo nawa shika ɗauka? Yac ce bai kai komi ba. To mi zan rubuta?"

Na dubi yayana. Yana kallon ƙasa.

"To in ce mai mi?" ya ce. "In tsaya bakin hanya in yi shela? Kuma ko kasuwa kat tahi, mai ƙaramin kaya ƙaramin haraji shika biya. Ina nis san nan ba haka ba na?"

A nan ne na fara jin yadda abin yake, don ni ma bokona bai kai can ba. Ejan ya ce kwastan suna da wani ƙaton littafi da aka kasa duk abin da ɗan Adam ke saye da sayarwa gida-gida, kowane kaya da ajinsa da lambarsa, kuma ajin da kaya ya faɗa shi ke yanke kuɗin fitonsa. Injin wanki ma ba aji ɗaya ba ne. Wanda ba ya ɗaukar fiye da kilo goma na busassun tufafi yana gefe guda, irin wanda ake sawa a gida ke nan, wanda ya haura haka yana wani gefen. Abin da ya juya wa yayana lissafi shi ne, a yadda ejan ya faɗa, ƙaramin ne ya fi nauyin fito, don ana ganinsa kayan jin daɗi, babban kuwa kayan sana'a ne, ana sassauta masa. Wato da bakinsa ya ɗauke injinsa daga inda ake rangwame ya kai shi inda ake tsanantawa. Injin gugar ba shi da matsala, ajinsa daban ne kuma an rubuta shi daidai. Sai dai takarda ɗaya aka yi wa su biyun, ɗaya ba ya fita ya bar ɗaya.

Na ce to a biya na ƙaramin mana a wuce wurin, ko da za mu nemo cikon. Ejan ya ce ai wannan ƙofar ma ta rufe, don an riga an kwance tabarmin an gani.

Jami'in da ya duba kayan ba mutumin yankinmu ba ne, Hausarsa irin ta rediyo ce. Na shiga ofishinsa da shirin faɗa, na fito ban samu abin kamawa ba, wanda ya fi ba ni haushi. Ya ba yayana kujera, ya kira shi Baba.

"Baba, takardarka ta ce ƙaramin injin gida. Idona ya ga babba. Allon da zai raba gardama kuma babu shi, ga ramukan ƙusoshinsa nan. Ba zan iya sa hannu a kan abin da na ga ba haka yake ba, ko da za ka biya fiye. Ba kuma zan iya mayar da shi ajin manya da ganin ido kawai ba, sai da shaida daga waɗanda suka ƙera shi. Wanda ke sama da ni zai tambaye ni, me ya sa aka cire allo, me ya sa aka sake fenti. Yawanci masu yin haka wani abu suke ɓoyewa."

"Ba ni ɓoye komi, ranka shi daɗe," in ji yayana.

"Na yarda. To taimake ni in rubuta bayanin da zai bi takardar gyara. Shagonka babba ne? Idan Sallah ta matso, riguna nawa kake yi a mako?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Na zuba masa ido ina roƙon Allah a zuciyata. Yayana ya gyara zama, ya shafa gemu.

"To, alhamdu lillahi. Muna ɗan taɓawa."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar.

"Mutane suna kawowa da yawa?" jami'in ya sake gwadawa.

"Ba a rasa ba."

Nan haƙurina ya ƙare. Na karɓe maganar na ce duk Tambuwal babu mai wanki kamarsa, na ce har daga Jabo da ƙasar Kebbe ake aiko masa, na ce kafin Sallah tulin riguna yakan kai rufin shago. Jami'in yana rubutawa, ni ina ƙari. Fuskar yayana ta yi duhu. A mota, a hanyar dawowa, ya juya fuskarsa wajen taga har muka wuce Jega. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka tone ni gaban baƙo." Na ce masa baƙon nan shi ke riƙe da bijimansa da fadamarsa. Ya ce ko shi ke riƙe da ransa, akwai abin da ba a faɗi.

Daga nan muka shiga neman shaida. Wanda ya sayar da injin a Kwatano ya ce shi ma a gwanjo ya saya, ba shi da ko guntun takarda, kuma allon tuni masu tsintar ƙarfe sun yi gaba da shi. Wani abokin aikina mai wayon kwamfuta ya ce in ɗauko masa hoton injin zai binciko irinsa. Na koma iyaka na ɗauko. Ya duba ya ce wannan ai kowane tanki ma haka yake, fenti ya cinye duk wata alama. Muka sake komawa da fetur da tsumma, aka ba mu izini muka yi ta goge fentin da aka biya kuɗi aka shafa. Yayana yana gogewa da hannun hagu. Sunan masu ƙerawar ya fito a gaban ƙofar injin, amma suna kawai, kuma ashe suna da ire-iren injina masu kama da juna, ƙanana da manya. Aka ce sai lambar.

Damina ta sauka muna cikin haka. Injinan suna filin harabar, mun rufe su da tamfol mun danne da duwatsu, duk zuwan da za mu yi sai mun tarar iska ta yaye gefe guda, ruwa ya kwanta a kan murfin injin gugar. Yayana yakan tsaya ya tsane ruwan da gefen rigarsa. Na tsani tafiyar nan. Na tsani hanyar, na tsani bencin da muke zama, na tsani yadda muke dawowa da yamma babu mai magana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan zaga. Jami'in aikinsa yake yi, ejan abin da ya ji ya rubuta, yayana kuma abin da aka koya masa tun yana goye ya yi, abin da ake yabon mutum da shi a garinmu.

Duk wannan lokacin bugu bai tsaya ba. Ba zai tsaya ba, don yanzu babu bijimai babu fadama, shagon ne kaɗai. Sai ga Babbar Sallah ta matso, a tsakiyar damina, lokacin da riga ba ta bushewa da wuri kuma kowa yana son tasa a rana ɗaya. Saboda sa ran zuwan injin, yayana ya karɓi aiki fiye da na kowace shekara, don tun kafin ya tafi Kwatano ya daina mayar da kowa. Na ce ya rage, ya ba wasu haƙuri tun da sauran lokaci. Ya ce shi bai taɓa mayar da rigar da ya riga ya karɓa ba. Na ce ya ɗauki wanda zai taya shi. Ya ce masu ƙarfin ba su san inda ake sassauta hannu a kan aikin wuya ba, za su fasa wa mutane zare. Matarsa tana dafa masa ruwan zafi tana gasa kafaɗar, yana shafa man zafi har shagon ya daina ƙanshin sitati.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, da hantsi, na biyo ta bayan kasuwa ban ji ƙara ba. Na ƙarasa da sauri. Yana zaune a gaban gungumen, riga a ninke an buge rabi, mabugin yana ƙasa can gefe inda ya gangara. Hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa. Ya dube ni, ya dubi hannun.

"Ya ƙi," ya ce.

Ya gwada ɗaga shi a gabana. Ya tashi kaɗan daga cinyar ya koma. Gumi ya keto masa. Na ce mu tafi asibiti, ya ce sai ya gama da kayan mutane tukuna.

Abin da yake nufi da gamawa shi ne mayarwa. Ya ƙi a aika, ya ce wanda ya karɓa shi ke mayarwa. Muka ɗaure rigunan ƙunshi-ƙunshi, wankakku, masu sitati, amma a cukurkuɗe, na ɗora su a babur ɗina, ya hau baya, muka bi gida-gida. A kowace ƙofa sai ya sauka ya yi sallama, ya miƙa ƙunshin da hannun hagu, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce a yi haƙuri a nemi wani ya ƙarasa. Wasu sun yi masa sannu. Wasu sun karɓa fuska a ɗaure, don Sallah ta zo kuma ba su da wata rigar. Wani ma'aikaci ya ce da ya sani da tuni ya kai wa yaran nan masu dutsen guga na lantarki da suka buɗe a bakin titi. Wani tsohon malami da ya fi shekara ashirin yana kawo masa wanki ya buɗe ƙunshinsa, ya dubi rigar, ya dubi hannun, ya ce, "Allah shi ba ka lada, ka daɗe kana rufa muna asiri." A wannan ƙofar ce kaɗai na ga idon yayana ya kawo ruwa. Ni kuwa tun ƙofa ta biyu nake haɗiye nawa.

Likita ya ce jijiyar ta tsinke. Ya ce akwai aikin da ake yi a manyan asibitoci, amma a shekarunsa da yadda wurin ya lalace kada mu sa rai hannun zai sake haura kafaɗa. Zai ci abinci da shi, zai riƙe carbi, shi ke nan.

Bayan Sallah shagon ya zauna a rufe. Masu kawo wanki suka watse, kowa ya samu inda ya samu, ban kuma ga laifinsu ba, riga ba ta jiran mutum ya warke. Wanda ya ba shi hayar shagon ya yi kawaici iya gwargwado, sannan ya ba wani mai sayar da siminti. Gungumen bugun aka mirgino shi gidana. Kafin kaka yayana ya ba da hayar gidansa, ya kwashi iyalinsa ya koma Fakku, gidanmu na gado, inda ƙanenmu ya gyara masa ɗakin mahaifinmu. Mutumin da ya riƙe mu duka ya koma ana auno masa gero daga rumbun ƙanensa. Ranar da motar kayansu ta tashi ban iya rakiya ba, na ce ina da aji.

Ni na ci gaba da zuwa iyaka, don taurin kai kawai. A ƙarshe wani makaniken janareta da na ɗauka muka je tare ya kwance murfin bayan injin, ya haska ciki, ya ga lambar a buge a jikin ƙarfen da ke riƙe da tulun wankin. Abokin aikina ya binciko ta, ga takardar masu ƙerawa, ga nauyin da yake ɗauka, ya ninka kilo goma har da ɗoriya. Aka haɗa da takardar gyara aka aika sama, aka jira, amsa ta dawo. Jami'in nan da kansa ya kira ni, da murna a muryarsa, ya ce a gaishe masa da Baba. Abin da aka biya a ƙarshe bai taka kara ya karya ba, in ka cire kuɗin ajiyar kayan a harabar. Da tun ranar farko aka faɗi gaskiyar girman injin, da a ranar zai kwana a Tambuwal.

Aka sauke su a ƙofar gidana, don babu wani wurin. Mutane suka fito suka kalla, suka yi ta tambaya, ban amsa wa kowa ba. Makaniken ya duba ya ce tsatsar ba ta shiga ciki ba, duka biyun za su yi aiki. Na kama hannun injin gugar na jawo murfin ƙasa don in ji nauyinsa. Ba shi da nauyi sosai. Amma hannun yana sama da kaina, sai na miƙe hannu sosai kafin na kamo shi.

Washegari na hau babur na nufi Fakku. Ana cikin yankan dawa, hanya duk amalanke. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, yana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya yana dannewa da gwiwa. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta. Na ce masa kaya sun fito, suna gidana, kuma lafiyarsu lau. Na ce za mu nemi wani shagon, za mu ɗauki mutum ya riƙa jan murfin, shi ya zauna yana nuna masa. Na yi ta magana, don ina tsoron abin da zai biyo bayan shiruna.

Ya bar ni na gama. Ya ce shi ba zai zauna a kujera yana kallon wani yana taɓa rigunan mutane ana kiran wurin da sunansa ba. Ya ɓare gyaɗa ɗaya ya jefa a kwano.

"Wane aji sunka sa shi daga ƙarshe?" ya tambaya.

"Na masu sana'a, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"To, daidai na. Ka nemi mai sana'a ka ba shi."

Ya tura mini kwandon gyaɗar gabana. Na sa hannu muka ci gaba da ɓara har aka kira la'asar.